Rasuwar Wayar Umma a Cikin Gajimare

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da har yanzu yake kai kansa aljihu ya dawo wayam, nake sanar da 'yan uwa, da maƙwabta, da abokan aikina kafintoci, da duk wanda ya taɓa ara mini soket, rasuwar wayata. Asalinta ta Ummanmu ce, Allah ya jiƙan Umma. Ta rasu ranar Talata da hantsi a cikin jirgin sama, a kujera ta ashirin da uku ta jikin taga, bayan shekara tara tana yi wa gidanmu hidima. Ban san sunan garin da muke bisa kansa ba a lokacin. Na leƙa, gajimare kawai na gani.

Na san waya ba ta da rai. Wanda yake shirin faɗa mini haka ya huta, mutum biyar sun riga shi. Ni dai ku yi haƙuri ku karanta, ba ni da saurin rubutu.

Yayata ce ta saya wa Umma ita lokacin da aure ya kai ta nesa, don su riƙa jin muryar juna. Umma ba ta taɓa kiranta da sunan waya ba. “Abin nan” take ce mata. Shekara shida tana ajiye ta a kan taga kusa da kwalbar maganinta, ta goge ta da bakin zane, ba ta san komai nata ba sai wurin amsa kira. Da Umma ta rasu, shekara uku ke nan, ni autanta na gaje ta.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta faɗo daga bencin aiki sau uku ba ta fashe ba, sai tsaga ɗaya. Ta sha garin katako har ya shige mata hanci. Tun da ruwa ya taɓa shigarta muryarta ta dushe, idan an kira sai ta ce “tirrr, tirrr,” kamar mai mura, ta yi shiru, ta sake. Idan caji ya yi ƙasa ba ta da kwakwazo, “ɗin” ɗaya take yi, kamar baƙon da yake jin kunyar roƙon ruwa.

Ciwon ajalinta ya daɗe. Maɓallin kunnawa ya fara faɗuwa, sannan rabin fuskarta na sama ya daina jin yatsa, sannan murfin baya ya saki har sai da na ɗaure shi da roba. Na kai ta wurin mai gyaran wayar layinmu, wanda muke ce wa Injiniya. Ya buɗe, ya duba, ya rufe a hankali, ya ce mini, “Auta, wannan tsohuwar idan ta kwanta ba za ta tashi ba. Kada ka yarda ta ɗauke ko sau ɗaya.” Tun daga ranar ba ta ƙara barci ba. Mai askin layinmu ya ware mata soket a bayan madubi. Mai shagon ƙasan gidanmu, idan an ɗauke wuta ta ga na sauko da gudu, ba ta tambaya, matsar da firij kawai take yi in samu soket, don ita tana da janareta. A wurin aiki suna tsokanata wai ni kaɗai ne tuzurun da yake goyo.

Ba su san abin da nake goyo ba, sai yau zan faɗa.

Wata biyu bayan rasuwar Umma na ga wani abu a cikin wayar, ɗaukar murya ta minti goma sha ɗaya. Umma ce ta danna ba ta sani ba, wata safiya tana shara. Ba wasiyya ba ce, ba nasiha ba. Tsintsiya ce: shaa, shaa, shaa. Silifas ɗinta, na dama yana cewa “fat,” na hagu yana jan ƙasa saboda gwiwarta. Famfo yana ɗiga a bokiti. Tari biyu. Wani ɗan sauti da take yi da hanci idan aiki ya yi mata daɗi, ba shi da kalmomi. Ta ce wa kyanwa, “Ke, tashi mini a nan, kamar ke kika share.” Shara kuma. Can ƙarshe muryarta ta matso kusa, ta ce, “Auta! Auta! Zo ka kashe mini abin nan, sai haske yake ta yi.” Sai takun ƙafata da sauri. Sai ƙit.

Wato ni na yanke ta. Da na yi nauyin jiki a ranar kamar yadda na saba, da minti goma sha biyar ne, ko ashirin. Ranar nan kaɗai na amsa kira da wuri.

Kowa yana tambaya me ya hana ni kwafewa. Injiniya ya gwada, bakin cajinta ba ya karɓar komai sai wuta, wurin turawa kuma yana can rabin da ya mutu. Na kunna ta kusa da wayar wani don ta ɗauka, abin da ya fito kamar ruwan sama a kan kwano. Na kunna wa Yaya ta kira, ta ce ba ta jin komai sai shuu. Dole sai ka manna ta a kunne, ka toshe ɗayan. Yaya ba ta samu Umma da rai ba, tana hanya aka rufe ta. Shekara uku tana ce mini, “Auta, ka kawo mini in ji.” Ni kuma ina cewa sai aiki ya lafa. Da ta haihu watan jiya, mijinta ya aiko mini da tikitin jirgi, saboda hanyar mota kwana biyu ce, maigidana kuma kwana huɗu ya ba ni.

Ban taɓa hawa jirgi ba. A filin jirgi aka sa ni na ajiye ta a faranti, ta shige cikin wata na'ura mai labule, na tsaya ina kallon labulen kamar mai jira a ƙofar ɗakin tiyata. Ta fito da ranta, cajinta tamanin da ɗaya. Na ce an tsallake.

Da muka zauna aka yi sanarwa a kashe wayoyi, ko a danna ɗan hoton jirgin nan da yake rufe musu baki. Hoton jirgin nata yana sama, inda ba ta ji. Layin kuma yana ƙarƙashin batir, ba ya fita sai an cire shi. Ma'aikaciyar jirgin, wata doguwa mai sanyin murya, ta karɓa ta ja da yatsa sau uku, ta mayar mini, ta ce, “To sai dai a kashe ta gaba ɗaya, ɗan'uwa.” Na gyaɗa kai. Ban yi ƙarya da baki ba, da kai na yi. Tana wucewa na tura ta aljihun wando, na ja bel ɗin kujera ya danne.

A gefena wani mai ƙiba ne yana wasan jera alewa a wayarsa. Bayansa, ta bakin hanya, wata mata da jaririya a ƙirji.

An raba shayi, an fara kwashe kofuna, sai jirgin ya faɗa rami. Ban san yadda zan faɗe shi ba sai haka. Na damƙe hannun kujera. Jirgin ya sake faɗawa. Wani akwatin sama ya buɗe, jaka ta faɗo. Doguwar nan ta zauna ta ɗaure kanta, fuskarta ba irin ta ɗazu ba. Kowa ya kama addu'a da harshen gidansu. Jaririyar ba ta yi kuka ba, ido kawai ta buɗe, kuma ni take kallo.

Na duba layukan kujeru gaba da baya, kawuna ne ba iyaka, masu furfura da masu kitso. Zuciyata ta ce, kai ne. Duk jirgin nan kai kaɗai aka ce ka kashe ka ƙi.

Sai na ji cinyata ta yi ɗumi. Marigayiyar tana da wannan halin, idan ta ji matsi da gumi takan danna kanta. Na zaro ta, na ga ɗaukar muryar nan tana tafiya, ta kusa kai ƙarshe. Ashe tun ɗazu Umma take shara a aljihuna, ƙarar inji ta hana ni ji. Na manna ta a kunne, na toshe ɗayan.

“Auta! Auta! Zo ka kashe mini abin nan.”

Na cire robar. Na cire murfin. Na sa farce a ƙarƙashin batir. Ba ta ce ko “ɗin” ba.

Jirgin ya ƙara girgiza kaɗan, sannan ya daidaita. Minti nawa ne tsakani, ban sani ba, wayar ce agogona, ga ta a hannuna gida uku. Mutane suka fara dariya irin ta wanda ya tsira. Na juya, mai ƙiban nan yana nan yana jera alewarsa, har wayar ta yi masa tafi.

Tun da na sauka nake tambaya. Mijin Yaya, wanda yake hawa jirgi duk wata, ya ce iska ce kawai, kamar gargada a titi, shi bai taɓa kashe tasa ba kuma ga shi yana cin abinci. Injiniya, da muka kira shi, ya ce a'a, akwai ɗan ƙugin da waya take sa wa a kunnen matuƙi, ɗaya ba komai, amma wa ya san ta nawa ce take cika mudu. Mai gyaran da ke nan unguwar su Yaya ya yi kwana biyu a kanta, ya miƙo mini ita a cikin leda, ya ce shi jirgi ba fanninsa ba ne. Idan mijin Yaya ne da gaskiya, na kashe Umma karo na biyu a banza. Idan Injiniya ne, na hau jirgi da niyyar sayar da ran jaririyar mutane saboda ƙarar tsintsiya. Na juya su duka biyun, babu wanda ake iya kwanciya a kansa.

Ban riƙe doguwar nan a zuciya ba, aikinta ta yi. Ni ba mai ilimi ba ne da zan ce a bari ko a hana. Roƙona ga masu jirgi ɗaya ne. Ku sa wani ɗan akwati mai kauri a ciki, wanda ƙugi ba ya fita, don wayoyin da ba sa tashi idan sun kwanta. Ba ni kaɗai ba ne, na tabbata. Idan na katako zai yi, ni zan haɗa muku.

Yaya ta tare ni a bakin ƙofa da jaririyarta a kafaɗa. Ba fuskata ta fara kallo ba, hannuna. Na zuba mata a tafi: waya, murfi, batir, roba. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Ka sha hanya, shigo ka ci abinci.” Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Jiya da safe ina kwance a ɗakin baƙi na ji shaa, shaa, shaa a baranda. Silifas na dama “fat,” na hagu yana jan ƙasa. Na laluba aljihu. Sai aka ce, “Auta!” Wallahi muryar ce. Na leƙa, Yaya ce, haihuwa ta taɓa mata ƙugu tana ɗingishi. Tun bayan rasuwar Umma ta waya kawai nake jinta, ban san muryarta ta koma can ba. Ita ma ba ta sani ba. Na zaunar da ita na faɗa mata duk abin da ke cikin minti goma sha ɗayan nan, bi da bi. A wuri ɗaya na tsaya. Tarin ne kafin kyanwa, ko kyanwar ce kafin tari? Na ji shi ya fi sau dubu. Kwana uku kacal, har ya fara zubewa.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya mai naɗin salatif a wuya, da fawa bank, ɗan batirin ajiye cajin nan da ya yi mata jinya har ya kumbura, da abin kunne mai ji da gefe ɗaya, da robar da ta riƙe ta shekara biyu, wadda yanzu take hannuna. Ta bar soket a bayan madubin mai aski, ina roƙonsa ya ba wani. Ta bar ni da Yaya, da jaririyar da ba za ta ji kakarta ba.

Za a yi jana'izarta gobe Asabar da ƙarfe bakwai na safe a barandar Yaya. Za a naɗe ta da ɗankwalin Umma mai ruwan ƙasa, a sa ta a ƙasan akwatin Yaya, batir ɗin a gefenta. Ba a buƙatar taro. Masu ta'aziyya su same ni a wurin aiki ranar Talata, don ta mota zan dawo, maigida ya yi haƙuri. Wanda ya so ya kashe wayarsa minti goma sha ɗaya, amma wanda tasa ba ta tashi kada ya kuskura.

Mijin Yaya zai bar famfo yana ɗiga a bokiti, ya ajiye wayarsa a kan taga tana ɗauka. Yaya za ta yi shara. Mun yanke tarin zai zo kafin kyanwa. Ni zan zauna a ɗaki in rufe ido. Idan ta zo wurin da za ta ce in zo in kashe, na riga na gaya mata kada ta ji haushi, wannan karon ba zan tashi ba.