Sojojin Bakina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da sojojin bakina suka ci amanata a bikin 'yata Rahila.

Daga wurin wata likitar haƙori a Kafanchan abin ya faro. Na je dasashina na jini, ta leƙa ta ce a cikin miyau akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa, wai feftaid, masu kashe ƙwayoyin cuta kamar sojoji. Ta ci gaba da magana kan tabar da nake sha da kuma buroshi, amma ni na riga na ji abin da nake so. (A aji uku na tsaya a sakandare, dogon bayani ba nawa ba ne.) Ina isa gida na jefar da buroshi. Mai bataliya guda a baki, me zai yi da tsinke?

Matata Ladi ta koma kwana fuska ga bango. Na ce jahilci ne.

Dangin angon malaman makaranta ne daga Manchok, masu kallona kamar tsohon taragon jirgi. Na rantse ranar biki sai sun san uban amarya ma ya san kimiyya. Da aka miƙo mini makirfo, maimakon in sa albarka sai na buɗe lacca: feftaid kaza, sojoji kaza. Har na sunkuya dab da fuskar uwar ango na ce, "Mama Tisha, kin san feftaid?" (Gwada faɗin kalmar nan ka ji iskar da take fitarwa.)

Matar ta ja da baya, ta toshe hanci da gefen ɗankwali. Sai ta ce, ga makirfo kusa da bakinta:

"Baban Rahila, sojojin naka sun mutu ne? Don Allah a je a binne su."

'Yan zumuntar mata suka kece da dariya har da guɗa. Emsi, mai gabatar da biki, ya karɓi makirfon da yatsu biyu, ya goge a wando, ya ce, "Haleluya, iska ya canja!" Rahila ta cusa fuska cikin furanninta, kuma ba kunyar amarci ba ce. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Na koma wa likitar da faɗa. Ta ce, "Baba, ai na gaya maka taba tana busar da miyau. Soja ma sai da taimako."

Yanzu safe da yamma ina dirzar baki kamar ɗan firamare, kuma na koyi barin likita ta ƙarasa maganarta. A Manchok dai har yau Janar suke kirana.