Jikan Fataken Yaji

Har gobe ban yarda laifina ne ba. Ina sana'ar tsire a unguwar Hindawiyya ta Jidda, sai wani injiniya ɗan Italiya mai aiki a tashar jiragen ruwa ya zauna a bencina yana cika baki da gurgun Larabcinsa. Wai a zamanin da, kayan yajin da ke bi ta Jiddan nan kakanninsa ke saye, da ribar suka gina birni a kan ruwa, suka sa gwanayen zane suka ƙawata shi. Ya ce in tsirena ya yi masa, ni zan riƙa ciyar da ma'aikatansa.

Na ce a raina, jikan fataken yaji guda! A ba shi yajin yara ai raini ne. Na ɗauko barkonon da ko aljani sai ya yi atishawa, na zazzaga. Maƙwabcina Bala mai shayi ya ce, "Ya akhi, rage." Na ce, "Kai ka san tarihi?"

Yanka ɗaya ya ci. Ya yi jawur kamar garwashi, hawaye har gemu, ya kira uwarsa, ya shanye ruwan alwalar Bala, ya ruga ya bar hularsa.

Ashe masoro kakannin nasa ke saye, shi ma don sayarwa! To wa ya gaya mini? A gina birni da yaji, a kasa cin tsinke ɗaya?

Kwangila dai halas, ta bi ruwa. Har yau in 'ya'yan Bala sun zo sai su ce, "Baba Jakadan Italiya, tsinke biyu, amma ban da tarihi."