Ƙafar Bagobiri a Cinyar Bazabarme

"...lahiya lau, ina gajiya? Kai, bawana! Wannan ƙafa ce ko kabewa?"

Lawali ya ɗago ya harari mai maganar. Yana zaune a bakin ɗakinsa a unguwar Lazaret, ya ɗora ƙafa kan kifaffen turmi, reza a hannu, gumi na tsiyaya. Akaifar babban yatsansa ta nutse cikin nama, wurin ya kumbura yana zogi har tsakar kai. Shi planto ne, ɗan aike a wani biro, wato ofishin gwamnati, kuma tunda soja suka karɓi mulki, wanda aka rufe ƙofa da safe bai shigo ba ya yi ban kwana da aiki. An riga an ja masa kunne: gobe ko ya zo, ko a ɗauki wani. Ga gida cike da dangin da fari ya koro daga ƙauye, kowa shi yake kallo. A irin wannan rana Allah ya jefo masa Sumana mai gyaran keke, Bazabarme, abokin wasan kowane Bagobiri.

"Hita min gida, Sumana. Yau ba ni wasa."

"Wane wasa? Dukiyata na zo dubawa. Aje rezar nan kahin ka ɓata min kaya."

"Dukiyar wa? Da ƙwaryar hura guda kakana ya sayi kakanka, kuma har ya mutu yana cewa an cuce shi!"

"Bagobiri ke nan! An tsage muku huska har kunne, kun saba, duk inda ya yi ciwo sai yanka. Jiya ma ka ƙwaƙule gehen, ko?"

Ya ƙwaƙule kuwa, shi ya sa abin ya ƙara ɓaci. Haushi ya turnuƙe Lawali, don babu abin da ya kai gaskiya a bakin Bazabarme ɗaci.

"Ruwan ɗumi da gishiri," in ji Sumana. "In ta yi taushi a ɗaga bakin akaihwar, a tura kaɗa ƙarƙashi. Gobe in goya ka bisa kekena har ƙohwar biro."

"To yi mana! Me kake jira?"

"Ka hwaɗa gaban mutanenka: ni bawan Sumana ne."

Lawali ya wurga masa takalmi. "Sama ta hana ruwa, soja sun hana barci, kai kuma za ka hau kaina? Gara in tahi da rarrahe!"

Ya miƙe a fusace don ya nuna. Yatsan na taɓa ƙasa ya ga wuta, ya koma kan tabarma daɓas. Daga nan ya hango gwaggonsa Hawwa tana tsince tsakuwa daga jar dawar taimako, yara sun kewaye ta sun zuba wa dawar ido. Ganin bakunan nan da ke jiran albashinsa ya fi yatsan yi masa ciwo.

"Ni bawan Sumana ne," ya faɗa ta cikin haƙora.

"Iye? Kunnen ya tsuhwa."

"Na ce ni bawanka ne, Allah ya isa!"

Sumana ya sa aka ɗumama ruwa. Ya jiƙa ƙafar, ya durƙusa, ya ɗora ta a cinyarsa yana gogewa da bakin rigarsa. Da ya tura kaɗar, wato audugar, ƙarƙashin akaifar, Lawali ya ƙwalla ƙara, ya zagi Zabarmawa kaf har da kifin kogi. Zogin na lafawa ya buɗe ido, ya dubi yadda suke.

"Gwaggo! Yara! Ku taho ku gani! Wa ke durƙushe? Ƙahwar wa ke bisa cinyar wa?"

Sumana ya dubi kansa, ya dubi ƙafar, sai dariya ta ƙwace masa.

"Gobe kuma wa za ya tuƙa yana haki, wa za ya hakimce baya kamar kumandan?" in ji Lawali.

"Ka ci ni, mugu. Ni ne jakin," in ji Sumana. "Ka dai shirya da wuri, kada su ruhe muna ƙohwa."