Yadda Malam Haladu Ya Ci Ƙofar Dausayin Yara da Yaƙi

Da sunan Mai ƙidayar kwanakin bayi, wanda ba a yi masa ragi ko ƙari. Amma ba'adu, wannan tarihin sadauki ne ɗan sadauki, Malam Haladu ɗan Barmo ɗan Jatau, tela a bakin kasuwar Tudun Wada, toron giwa mai almakashi, dodon dillalai, gagara taya. Jikan wanda ya taya jaki tun hantsi har mai jakin ya fashe da kuka ya bar masa da akumarin. Ɗan wanda ya yi tafiye-tafiye a jirgin ƙasa har ya tsufa ba a taɓa shaida tikiti a hannunsa ba. Allah ya jiƙan mazan jiya.

Maruwaita sun haɗu a kan cewa a cikin hutun babbar Sallah ne ƙaramar 'yarsa Rumasa'u ta hana gidan sakat, ta ce sai an kai ta Dausayin Yara ta hau lilon nan mai kama da ƙafar keke, wanda ke ɗaga mutum har ya hango rufin unguwarsu. Bajimin ya aika 'yan leƙen asiri cikin maƙwabta, suka dawo da bushara: wanda bai kai shekara biyar ba kyauta yake shiga. Rumasa'u kuwa ta cika bakwai, sai dai Allah ya yi ta 'yar firit.

Nan take ya kafa sansani a tsakar gida. Ya horar da rundunarsa, wato Rumasa'u, har amsa ta zauna mata daram: huɗu. Ya umarta a cire mata ɗankwali a ɗaure mata gashi da ribom, a sa mata rigar bara. Da ya lura haƙoranta biyu na gaba sun fita, giɓin da ke tona asirin kowace 'yar bakwai, sai ya zartar da doka mai tsanani cewa babu murmushi sai an ƙetare iyaka. Matarsa Saratu ta tunatar da shi cewa shi ne ya zane yarinyar kwanan baya don ta ɓoye gaskiya a kan ƙwai. Ya amsa mata cewa yaƙi ɗan zamba ne, kuma mata ba su san siyasar fagen fama ba.

Ranar artabu ya hau ingarman adaidaita sahu, ya isa ganuwar abokan gaba, inda ya tarar da layi ya miƙe kamar rundunar fari. Bai razana ba. Ya saɓa yarinyar a kafaɗa kamar jaririya, ƙafafunta na dukan ƙugunsa, gumi na tsiyaya cikin babbar rigarsa, yana haƙuri irin na mazan da aka yi wa alkawarin ganima. A bakin ƙofa ga Madam Laraba mai tikiti, mace mai tabarau wadda idonta ya ga ƙarya iri-iri. Ta dubi yarinyar, ta dubi uban, ta tambayi shekaru. Rumasa'u ta damƙe baki ta ɗaga yatsu huɗu. Madam Laraba ta ɗaura mata koren zobe na roba a wuyan hannu ta ce su wuce.

"Sai ni, ɗan Barmo!" in ji shi, a hankali, don kada a ji.

Haka aka yi fatahin ƙofa, ba a zubar da jini ba, ba a buɗe aljihu ba. Ya shiga yana taku ɗai-ɗai, yana jin kamar ana busa masa kakaki, har suka iso gindin babban lilon. A nan wani dogon ma'aikaci mai usur ya tare hanya, ya nuna koren zoben, ya ce wannan na 'yan ƙasa da biyar ne, lilo kuwa sai mai shekara shida zuwa sama. Su nufi wajen agwagwar katako ta hawan ƙananan yara.

Sadaukin ya juya akalar yaƙi ba tare da ƙifta ido ba. Ya rantse yarinyar ta cika bakwai, ya kawo hujjar ajinta da izunta, ya ambaci watan da aka raɗa mata suna da launin ragon. Ma'aikacin ya sunkuya ya tambaye ta. Rumasa'u, amintacciyar soja, hawaye na zuba, ta ɗaga yatsu huɗu. Uban ya ce ta buɗe baki su ga giɓin. Ta ƙara damƙewa. Jama'a suka fara taruwa, cikinsu har da limamin layinsu da jikokinsa.

"Faɗi gaskiya mana, 'yar albarka," in ji Malam Haladu.

Ta ɗago ido ta ce, "Baba, wacce? Ta gida ko ta bakin ƙofa?"

Masana tarihi sun yi saɓani kan abin da ya biyo baya. Abin da ya tabbata shi ne gwarzon ya ja da baya, ya fita, ya kama layi daga wutsiya, ya sake tsayawa gaban Madam Laraba ya bayyana cewa 'yarsa ta ƙara shekara uku. Ta ce Allah ya raya ta, ta karɓi kuɗinta, ta ɗaura jan zobe. Suna isa gindin lilo aka ɗauke wuta, injin janareta kuma aka ce ba mai.

Rumasa'u ta hau agwagwar katako, wadda ba ta buƙatar lantarki, gwiwoyinta na taɓa haɓarta. A hanyar gida ta tambaye shi ko gobe in ta je Islamiyya shekarunta nawa. Maruwaita ba su kawo amsarsa ba. Sun dai ce ya tsayar da mai adaidaita ya saya mata rake.