Ƙararrawar Korar Beyar

"...Ni lafiya lau na tashi, 'yar nema. Ke ce dai fuskarki kamar an aiko miki da sammaci."

"Kaka, wa ya kifa miki hular kwanon nan? Kin fito sak kunkurun da ya ari gidan yayansa."

Kaka Mitsue ke nan da jikarta Nanaho, a gindin dutsen bayan ƙauyensu a Nagano. A dajin nan mijin Kaka, marigayi Genzo, ya ƙare rayuwarsa yana saran itace, yanzu kuwa ya koma wajen wasan keke. Waɗanda suka tsara shi sun iya aiki, gaskiya. Akwai koriyar hanya mai laushi da ko ɗan yaye zai bi yana waƙa, akwai ja mai kwana-kwana da saiwoyi, akwai baƙa ta waɗanda suka riga suka yi sallama da gida. A da Nanaho ce sarauniyar baƙar, sai bara ta faɗi ta karya kafaɗa. Ƙashi ya ɗinke, zuciya ta ƙi. Yau da yamma mai saye zai zo ya ɗauki kekenta, amma Kaka ta kafe sai an fara raka ta ta ga dajin mijinta ta koriyar hanya.

Lilon igiya mai kujeru da ke kai mutane kan dutsen ya ɗauke su da kekunansu ya yi sama, itatuwan al'ul suna wucewa ƙarƙashin ƙafafunsu.

"Dubi ikon Allah," in ji Kaka. "Inda kakanki ke hawa yana haki kamar tsohon sa, ga ni ina hawa a zaune kamar matar gwamna. Abu ɗaya ne suka ɓata, keken hayan nan ba kwando. In na ga naman kaza a ina zan zuba?"

"A hular. Ai ba abin da take karewa a ciki."

"Ja'ira! Ni da na yi shekara arba'in ina kai madara gida-gida a kan keke, cikin ƙanƙara, ubanki goye a baya?"

"Shi ya sa har yau Baba ke tsoron gangara."

"Ashe gado kika yi."

Wannan ta sami Nanaho a inda ke mata ciwo.

Da suka sauka a sama, Kaka ta ciro wata tsohuwar ƙararrawa daga aljihu. Irin wadda kowa ke ratayawa in zai shiga daji ce, don beyar, ƙaton naman dajin nan mai haɗari, ya ji motsin mutum ya kauce. Ta Genzo ce, ta tsage a gefe, kukanta kamar akuya mai mura. Ko cikin dubu Nanaho za ta gane ta.

"Wannan ba beyar kaɗai ba, har aljanin dutse sai ya yi ƙaura."

"Ta fi bakinki amfani. Ni fa na fasa koriyar, ja zan bi. Ja launin biki ne, shi ake sa wa tsoho ranar cika sittin. Kore kuma na kwaɗi."

"Kaka, ba zane ake zaɓa ba a nan! Ja tana da tsalle."

"Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Ke ce aka sara, ba ni ba. Je ki ciko mini gorar nan, maƙogwarona ya bushe da surutunki."

Nanaho ta je famfo ta dawo. Ba Kaka, ba kekenta. Can ƙasa, ta bakin jar hanya, sai ga kukan akuya mai mura yana ta nisa.

"Kaka! Wayyo, tsohuwar nan za ta kashe ni!"

Ba ta san sanda ta haye keke ba. Kwana ta farko ta danne birki gam. Ta biyu ta saki kaɗan, don ƙararrawar na neman ɓace mata. Saiwoyi suka zo ta tsallake, gadar katako ta zo ta wuce kamar an harba ta. Tana kira tana zagi, tana kuma mamakin yadda 'yar saba'in da huɗu ke irin wannan gudu. Wajen tsakiyar hanya iska mai ƙamshin al'ul ta bugi fuskarta, ta ji abin da ta shekara ba ta ji ba, wato daɗi.

A ƙasa ta tarar da ƙararrawar rataye a jakar wani dogon saurayi, yana tsaye yana cin curin shinkafa.

"Wata tsohuwa ce ta ba ni," ya ce, yana sunkuyar da kai. "Ta ce in gudu kada in waiwaya."

Sai da gumin Nanaho ya bushe sannan Kaka ta ɓullo ta koriyar hanya, tana taka feda a hankali, aljihunta cike da naman kaza.

"Kin ga hanyar kwaɗin nan? Kai, kamar shimfiɗa! Har da benci a wajen da kakanki ke cin abincin rana."

"Kaka, kin san zuciyata ta kusa fitowa? Kura da shan bugu, gardi da cin shinkafa!"

"To ta fito ɗin? An ce tsoro na daji, kunya na gida. Na ga kin kwaso na dajin kin kawo mana gida, shi ne na ce a mayar wa mai shi kayansa."

Nanaho ta dubi Kaka. Dariya ta ƙwace mata, da hawaye a ciki.

"Kin ci, tsohuwa mai ran ƙarfe. Taliyar soba a kaina yau."

Kaka ta kwance ƙararrawar daga jakar saurayin, ta ɗaure ta a kan keken jikarta, ta ja kullin da haƙori.

"Wannan ba ta sayarwa ba ce. In mai sayen naki ya zo, ki ce keken ya riga ya yi mura."