Don Evaristo Ba Ya Ci a Tsaye

A duk bakin tekun Puerto Vallarta babu harshe irin na Don Evaristo Plascencia. Shi da kansa ya shaida mana haka, kuma wa ya fi shi sani? Mataimakin mai ba baƙi shawara ne a wani babban otal, wato mutumin da 'yan yawon buɗe ido ke tambaya inda za su ci abinci. Yana da kwat ruwan toka, da jan laktaye, da gashin baki mai shan gyara fiye da lambun otal ɗin. Mu 'yan bakin titi muna ce masa Alƙalin Miya. Da sunan ya kai kunnensa sai ya ɗauka girmamawa ce, har ya so a buga masa shi a kati.

In baƙo ya zo ya ce yana neman tako, wato wainar masara da nama a ciki, mai araha irin wanda mutanen gari ke ci, sai Don Evaristo ya lumshe ido kamar an yi masa saƙon rasuwa.

"Yallaɓai," zai ce, "araha ba ta ado. Abinci ilimi ne. Mutumin da ya san darajar cikinsa ba ya ci a tsaye. Ni nan da kake gani, rabona da abincin titi tun ina sa gajeren wando."

Daga nan sai ya zana wa bawan Allah hanya zuwa ɗaya daga gidajen abincin nan masu kallon teku. A can ake kawo maka tako uku 'yan mitsi-mitsi a faranti mai faɗin tire, da fure a gefe, da mai jita yana kuka a kanka, a kuɗin da zai ciyar da magini kwana uku. Wanda ya yi sa'a, a hanyar fita Hilario mai tsaron ƙofa zai raɗa masa, "Bi bayan otal, layi na huɗu, ka yi sauri."

Ni mai goge takalma ne, shekara goma sha tara ina zaune a kusurwar otal ɗin. Kowace safiya Alƙalin Miya yakan ɗora mini ƙafarsa, kuma kowace safiya nakan goge ɗigo biyu na jan romo daga kan takalmin hagu. Ban taɓa tambaya ba. Ba na bukata, don ni ma wannan romon nake karyawa da shi.

A layi na huɗun nan, inda 'yan tasi ke ajiye motoci, rumfar Doña Cuca take. Birriya take sayarwa, farfesun akuya da ya kwana a wuta, a zuba naman a wainar masara, a miƙo maka romon a kofi. Babu tebur, babu cokali. Faranti ma leda ake sa masa, in ka gama a zare a sa wata. Tana buɗewa da ƙarfe bakwai, kafin sha ɗaya tukunya ta yi fayau. Doña Cuca yayar mahaifin Don Evaristo ce, kuma a gindin wannan tukunya ta raine shi. A can sunansa Varo. Ta lungun masu wanki yake bi ya zo, ya tsaya bayan buhun gawayi. Kullum tana ajiye masa naman kumatu a wata 'yar tukunya mai murfi, ko gwamna ne ya zo ba za ta buɗe ba.

Abu ɗaya Don Evaristo yake nema a duniya: kujera. A teburin shawara shugaba ne kaɗai ke zama, mataimaki a tsaye yake wuni. To ga shugaban zai yi ritaya. Tuni Alƙalin Miya ya gwada kujerar sau biyu lokacin da mai ita ya fita, har ya yanke shawarar irin matashin da zai sa mata.

Sabuwar mai otal ce za ta zaɓa, Doña Amparo Villaseñor daga Guadalajara, wata gajeriyar mata mai takalmi maras tsini. Ranar Talata da safe ta tsaya a gabansa ta ce ya kai ta inda za ta ci abinci mai sauƙi, mai araha, irin na mutanen gari. Ranar ko karyawa bai je yi ba, yana wajen wanzami ana daidaita gashin baki.

Wani da ya ji maganarta zai ɗauka abin da ta faɗa take nufi. Amma kaifin basira irin na Don Evaristo ba ya yarda da abu a fili. Yana ɗora mini ƙafa ya ce:

"Gwaji ne, malam. So take ta ga ko zan kai ta cikin ƙuda. Manya ba sa faɗin abin da suke so, sai irinmu ke ganewa."

Ya fara kai ta gidan abincin da aka rataya manyan huluna a bango. Doña Amparo ta duba takardar farashi, ta ajiye a hankali kamar abin da zai fashe. Ya kai ta na biyu, inda ake ɗora wa tako kumfa. A nan ya yi mata lacca ta minti ashirin.

"Ranki ya daɗe, kumfar nan ba ci ake yi ba, fahimta ake yi. Talaka yana cika ciki ne, mu kuwa tattaunawa muke yi da abinci."

Ta ce ita dai cikinta ya gaji da tattaunawa. Masu kiran kwastoma suna ta tare su a hanya da takardu, rana ta fara zafi, baƙi sun cika titi maƙil. Can wajen goma da rabi ta hangi magina uku, wandunansu duk siminti, suna sauri kamar an kira su. 'Yar Guadalajara ce, ta san abin da ke sa magini sauri a wannan lokaci. Ta bi bayansu. Don Evaristo ya bi bayanta yana cewa wannan layin ba ya ɓullewa. Ni ma na rufe akwatina na bi su, don lokacin karyawata ya yi, kuma gaskiya ko da bai yi ba da na bi.

Rumfar cike take. Hilario na can da kofinsa. Doña Cuca ta ɗago kai ta ga ɗanta a bainar jama'a, ta ƙofar gaba, fuskarta ta washe. Kafin ta buɗe baki ya riga ta, da murya yadda har 'yan tasi za su ji:

"Ikon Allah! Ashe akwai irin wannan wuri a garin nan? Ban taɓa sani ba."

Ludayin ya tsaya a sama. Na ji tausayin tsohuwar nan ƙwarai. Amma ba ta yi kuka ba, ba ta tona shi ba. Goge hannu ta yi a zanen gabanta ta ce, "Sannu da zuwa, baƙo. Yallaɓai yana cin yaji kuwa?"

Ta zuba masa naman gama-gari, da miyar nan marar yaji da ake ba yara. Sannan ta jawo 'yar tukunya mai murfi, ta buɗe, ta juye naman kumatu kaf a farantin Doña Amparo. Idon Don Evaristo ya raka naman har inda ya sauka. Hilario kuwa ya matso yana nuna wa uwar ɗakinsa wace miya ke da wuta, da inda ake samun takon kifi da yamma, da wadda ke yin wainar masara da hannu.

Da Alƙalin Miya ya tsaya a nan da ya tsira da sauran mutunci. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yunwa na cinsa, tako na hannunsa, sai jiki ya yi abin da ya saba. Ya wurga laktaye bayan kafaɗa. Ya buɗe ƙafafu, ya ranƙwafa, ya karkata kai gefe, ƙaramin yatsa a sama, ya gama da shi a loma biyu. Ba a koyon wannan tsayuwa a gidan kumfa. Ɗigo biyu suka sauka a takalmin hagu.

Doña Amparo ta dube shi, ta dubi tsohuwar, hancinsu ma iri ɗaya. Mutuniyar kirki ce, sai ta ba shi ƙofar fita.

"Don Evaristo, ka tabbata ba ka taɓa zuwa nan ba?"

"Ko a mafarki, ranki ya daɗe."

"Ashsha," ta ce. "Baƙina sun dame ni da kukan tsada. Wanda ya san irin wuraren nan nake nema ya riƙe teburin." Ta juya. "Hilario, gobe ka zo ofis."

Don Evaristo ya bayyana mana daga baya cewa shi ne ya ƙi muƙamin, wai zama yana ɓata tsayin kwat. Mun gyaɗa kai.

Washegari ya biyo ta lungun masu wanki, ya nufi bayan buhun gawayi, ya ce, "Gwaggo, ina kwana?" Doña Cuca ta ce ai baƙo mai daraja ba ya ci a tsaye. Ta aro kujerar roba daga mai shagon kusa, ta dasa ta a gaban rumfa, tana kallon titi, ta miƙa masa farantinsa da aron cokali mai yatsu.

Yau wata biyu ke nan ba ta sauko ba. Kullum Hilario yakan iso da baƙi goma sha biyu, su tsaya suna ci suna lasar yatsa, naman kumatu na farantin Hilario. A tsakiyarsu mutum ɗaya ne tak a zaune, da jan laktaye, yana fama da tako da cokali, suna ɗaukarsa hoto. Takalminsa tsaf, ba ni da abin gogewa.

Ya dai samu kujerar.