Ranar da Na Shayar da Babur Lemo

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da mahaifin Hafsatu ya ce in zo ya gan ni ba. Ko yanzu da na tuna sai da na sosa ƙwauri.

Na daɗe ina zuwa zance wurin Hafsatu a wani ƙauye da ke bayan Kadawa. Mahaifinta malami ne mai makarantar Islamiyya, yana kuma noman shinkafa. Ba ya yawan magana, kuma an ce zama ɗaya yake yi da saurayi ya yanke hukunci: ko ya ce ya turo magabatansa, ko kuma a ji shiru har abada. Wasu sun riga ni zuwa, shirun suka samu. Da Hafsatu ta kira ta ce Malam na nemana, don murna sai da na zagaye gonar albasarmu da gudu ba takalmi. Ta ce, "Abu ɗaya zan gaya maka, Malam ba ya son rawar kai. Don Allah ka natsu." Na ce ai ni natsuwa a jinina take (Allah Ya yafe mini wannan ƙaryar).

Shadda akwai, hula akwai, turare na aro. Matsalar ita ce babur. Babur ɗina ya sha wuya a duniya. Shi ke ɗaukar injin ban ruwa, shi ke ɗaukar buhun taki, shi ke ratsa taɓon fadama safe da yamma. Taki da ruwan kanal sun cinye duk wani ƙarfe mai ƙyalli da ke jikinsa. Salansa ta yi jajir da tsatsa, wayoyin taya sun yi ja, kariyar ɗora kaya kuwa ba a magana. Na dube shi na ce ina, wallahi ba za ka kunyata ni a ƙofar gidan surukai ba.

Sai na kira abokina Sabi'u a waya, wanda babur ɗinsa kullum yake walƙiya kamar yau aka kwance shi daga kwali. Na same shi a tsakiyar kasuwar Kura, hayaniya ta ko'ina.

Ya ce, "Wannan ai ƙaramin aiki ne, mutumina. Ka samo takardar nan mai ƙyalli da masu gasa kifi ke naɗe kifi da ita, ka dunƙule ta, ka jiƙa da lemo, ka yi ta gogawa."

Na ce, "Lemo?"

Ya ce, "Lemo mana! Kai dai gwada ka sha mamaki." Ya kashe waya.

To, jama'a, ku yi mini adalci. Idan aka ce wa mutum lemo a wannan zamani, me zai fara faɗo masa a rai? Ni dai shago na nufa. Na ce a ba ni babbar roba, mai ruwan ɗorawa ɗin nan da yara ke so. Mai shago ya ce, "Mai sanyi?" Na ce ƙwarai kuwa, mai sanyi (har yau ban san abin da sanyin zai ƙara wa salansa ba).

Abin da ya ƙara rusa ni shi ne, dabarar ta yi aiki. Da safiyar Asabar na jingine babur a bakin kanal, na tsiyaya lemo a takarda, na goga a salansa. Sai ga tsatsa tana fita, farin ƙarfe yana leƙowa! Na yi kabbara ni kaɗai. Na bi wayoyin taya ɗaya bayan ɗaya, na goge kariya, na goge ƙarfen madubi, ina yi ina waƙa. Da na ga lemo ya rage, na ce ba za a yi asara ba, na kwarara shi a kan tanki, da ƙarƙashin kujera, da matakin ƙafa, har da wuraren da ba su taɓa sanin tsatsa ba. Ga kanal a gabana cike da ruwa, amma sai na yi wani dogon tunani irin na masu ilimi: ai ruwa ne ya jawo tsatsar tun farko, in na ɗauraye na koma gidan jiya. Na bar shi ya bushe a rana.

Na yi wanka, na saɓa farar shadda, na kama hanya ina jin kaina kamar ango. A hanya na lura tafin hannuna na mannewa da kan babur, na ce zufar fargaba ce.

Na iso na tarar Malam bai tashi daga karatu ba. Nura, yayan Hafsatu, ya ce in ɗan jira. Na kafe babur a gindin darbejiyar ƙofar gida, na yi zamana a kai, ina gyara hula a madubi ina maimaita gaisuwa. Na jima a haka. Ban san cewa a ƙasa labari ya riga ya kai gidan cinnaku ba, sun yi layi ta ƙafar babur suna hawa, daga can kuma suna zarcewa cikin wandona.

Nura ya leƙo ya ce in shigo zaure. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na sunkuyar da kai.

"Allah Ya gafarta Malam, ina wuni?"

"Lafiya lau, samari. Ɗan gidan wa?"

Ina buɗe baki zan faɗi sunan mahaifina, na ji cizon farko a bayan gwiwa. Na haɗiye shi. Malam ya tambayi abin da nake nomawa, na ce albasa da tumatir, amma "tumatir" ɗin da wata siririyar murya ya fito, don a lokacin an kai hari cinya. Ya tambayi inda na tsaya a karatu. Na amsa ina zufa, ina murza yatsun ƙafa a tabarma, ina tuna maganar Hafsatu. A gaban suruki ko ɗaga ido ba a yi, balle susa.

Sai Malam ya shiga yi mini nasiha a kan haƙuri. Haƙuri fa! Ya ce shi ne gishirin zaman aure, ni kuwa ina gyaɗa kai hawaye na taruwa a idona. Da ya gama ya ɗaga hannu ya ce mu yi addu'a. Na ce alhamdu lillahi, an zo ƙarshe. Ashe yanzu aka fara. Ya yi wa iyaye, ya yi wa malamai, ya yi wa damina da rani, ya yi wa shinkafar da ke gona da wadda ke rumbu. Ni kuma na samu dabara: duk "amin" sai in sauke hannu da ƙarfi a cinya. Amin, tas! Amin, tas! Nura ya fara kallona ta gefen ido.

Ana cikin yi wa matafiya addu'a wani cinnaka mara imani ya isa inda ba zan iya rubutawa ba. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na kurma ihu, "Wayyo Allah, sun kashe ni!" na yi waje ina tsalle ina kakkaɓe wando, hula ta yi nata wuri.

A waje kuma ga abin da na tarar. Babur ɗin da na bari yana ƙyalli ya yi baƙi ƙirin da ƙudaje, zuma na shawagi a kan tanki, wata akuya ta dage tana lasar taya. Ɗaliban da aka tasa daga karatu sun kewaye shi suna kallo. Malam ya fito a hankali, ya dangwala yatsa a tanki, yatsan ya manne. Ya shinshina.

"Samari, me ka shafa masa?"

"Lemo ne, Allah Ya gafarta Malam. Na cire tsatsa."

"Wane lemon?"

Nan take na gane. Kafin in amsa Nura ya riƙe ciki ya durƙushe, daga bayan katanga kuma na ji dariyar mata ta tashi, kuma na tsinci muryar Hafsatu a ciki. Na so ƙasa ta tsage in shige. Garin neman gira na rasa ido. Malam bai yi ko murmushi ba, ya ce a kawo mini bokiti. Haka na naɗe hannun shadda na wanke babur a ƙofar gidan da na zo neman aure, na tafi ba tare da na iya yin sallama ba.

A hanya na kira Sabi'u ina huci. Sai da ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya ce, "Lemon tsami nake nufi, kai! Kuma in ka gama ka ɗauraye, ka tsane da tsumma, ka shafa ɗan mai. Wa ya ce ka yi masa walima?"

Kwanakin da suka biyo baya ko abinci ba na jin daɗinsa. Na sallama cewa na shiga sahun waɗanda suka samu shiru, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ina son Hafsatu har cikin raina. Ina cikin ban ruwa wata yamma sai ga kiranta. Ta ce, "Malam ya ce ka turo."

Na zauna daɓas a kan kunyar gona. Na ce, "Bayan duk abin da ya faru?"

Ta ce, "Ai tun kana gaisuwa ya ga cinnakun suna hawa wuyan rigarka. Da gangan ya ja addu'ar, yana so ya ga iyakarka. Ya ce bai zaci za ka wuce addu'ar iyaye ba, sai ga shi ka kai har matafiya."

Yau Malam kakan 'ya'yana ne. Na koyi cewa matambayi ba ya ɓata, ko da tambayar ta lemo ce. Kuma har gobe, in na ga ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sai na fara duba ƙafar wandona.